Hanyar da Aka Ɗora a Kan Laka

Yawancin aikin da ke shigo wa ɗan kamfaninmu gyara ne. Hanya ce aka yi wa ciko ta ratsa fadama, bayan 'yan shekaru ta lotsa, kwalta ta tsage, ko bakin gada ya zama tudu motoci suna bugawa. Wanda ya ba mu aikin kan ce a ƙara kwalta a daidaita, a buɗe hanya cikin sati. A nan muke fara ja-in-ja da shi.

Sau da yawa cikon ba shi da laifi. Ko rola ta danne shi yadda ya kamata, lakar da ke ƙarƙashinsa cike take da ruwa, kuma duk mita ɗaya ta ciko tana ɗora mata kusan tan 2 a kan kowace murabba'in mita. Da farko ruwan ne ke ɗauke da nauyin, daga baya ya riƙa tsiyayewa a hankali kamar ana matse soso, ƙasa tana ta sauka. Wani injiniya masanin ƙasa, Karl Terzaghi, ya fitar da lissafin wannan tun shekarun 1920, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a ciki shi ne, in kaurin lakar ya ninka biyu, lokacin tsiyayewar sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa wani wurin zai shekara goma yana sauka. In kuwa ƙasar ta ruɓaɓɓun ciyayi ce, ko ruwan ya gama fita ba ta tsayawa cak.

To ka ga ƙarin kwalta ƙarin nauyi ne a daidai inda ƙasa ta riga ta gaza. Zai yi kyau na ɗan lokaci, sannan ya koma.

Don haka awo muke farawa da shi. Mukan kafa alamomi, mu riƙa duba tsayinsu lokaci-lokaci, mu ga ko saukar tana raguwa. Muna kuma zagaya gindin cikon da ƙafa. In ƙasa ta kumburo a can, sama kuma ta yi tsaga mai lanƙwasa, wannan zamewa ce ta fara, kuma ta fi sauka hatsari nesa ba kusa ba. Nan take mukan hana a ƙara ko tifa ɗaya a sama, mu jibge ƙasa a gindin ta tokare shi.

Bakin gada ya fi ko'ina wuya, domin gadar tana zaune a kan turakun da suka kai ƙasa mai tauri, cikon da ke jikinta kuwa yana kan laka. Gyaran da na fi amincewa da shi a nan shi ne a rage nauyi: a kwashe wani sashe na cikon, a jera farin tubalan EPS, wato na roba mai kama da soso irin wadda ake tokare kayan lantarki da ita a cikin kwali, waɗanda aka fara sa wa hanya a Norway a 1972. Nauyinsu kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne na nauyin ƙasa. Amma fa fetur yana narkar da su, ambaliya kuma tana iya taso da su, don haka sai an lulluɓe su, an kuma tabbatar da iyakar inda ruwa ke kaiwa.

In sabon aiki ne, nakan roƙi mai shi ya ba mu lokaci. A soka siraran magudanai a tsaye cikin lakar, tazarar mita 1 zuwa 2, a yi cikon hawa-hawa, a ɗora ƙarin ƙasa na wucin gadi. Ba ma zuba kwalta sai awo ya nuna saukar ta lafa, kuma wannan sharaɗin a cikin takardar kwangila nake sa shi tun kafin tifar farko ta shigo.