Talata a Makka, ni da ɗigo-ɗigo

Tun bayan asuba nake kan NetLogo, manhajar kwaikwayon motsin jama'a a kwamfuta, ido har ya yi ja. Aikin da malam ya ba mu shi ne mu kwaikwayi tafiyar alhazai daga tantunan Mina zuwa Jamrat a kwamfuta, kowane ɗigo a allo mutum ne, kai za ka ba shi hali, zai tsaya jiran 'yan tawagarsa ko zai yi gaba, in askar ya ce a juya zai juya ko sai ya yi musu. Abin ba wasa ba ne fa, bayan turmutsutsun 2006 da mutum sama da 340 suka rasu sai da wani masanin kimiyya, Dirk Helbing, ya zauna ya bi bidiyon wajen, gadar Jamrat ɗin ma aka sake ta hawa-hawa.

Inda na cije shi ne wajen halin. Malam ya ce mu ɗauko ma'aunin al'adun ƙasashe na Hofstede, ɗan Holan ɗin nan da ya tara amsoshin ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM daga 1967 zuwa 1973. Ina buɗewa sai ga Najeriya da Gana da Saliyo a layi ɗaya, wai Afirka ta Yamma, maki 77 a tazarar babba da na ƙasa da shi. Saudiyya da Masar da Labanan su ma kwando ɗaya, 80. Haba! Masu ɗaura taye a ofis aka tambaya, ni kuma in ɗora lambarsu kan tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba sai bana.

Da la'asar na leƙa wajen Goggo a Shari'a Mansur, na sayo mata tsire, sereh suke ce masa nan. Kakanta da ƙafa ya zo ta Sudan, ita nan aka haife ta, in ta yi fushi Larabci ne, in za ta sa albarka Hausa. Na nuna mata allon. Ta ce "ɗan nan, ni wace lamba suka ba ni?" Na yi shiru wallahi. Ta ƙura wa ɗigon ido can ta ce, "su waɗannan silifas ɗinsu ba ya cirewa ne? Ai mai sunkuyawa ɗaukar takalmi shi ke tsayar da jama'a."

Bayan isha'i na ƙara wa ɗigon halin sunkuyawa ɗaukar takalmin. Layin hagu ya cushe nan take, ban ma taɓa lambar ƙasar kowa ba. Gobe ƙarfe 8 zan kai wa malam, bari in kwanta.