A biya likitan dashe kuɗin darensa, amma ba kan kowace ƙoda ba

Ranar da aka yi wa Yaya dashen ƙoda, ƙanwarmu ce ta ba da tata. Tun ƙarfe takwas na safe aka shiga da su tiyata, ɗaki biyu, ana ciro ta nan ana jiran dasawa a can, mu kuma muna baranda kan tabarma Inna na ta jan carbi har yatsunta suka yi sanyi. Sai bayan la'asar likitan ya fito, hular tiyata ta jiƙe sharkaf da gumi, ya durƙusa gaban Inna ya ce "Mama, fitsari ya fara zuwa." Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba ba zai gane daɗin wannan maganar ba wallahi. Shekara biyu muna jigilar wankin ƙoda sau biyu a sati.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da na fito alwala wajen ukun dare, sai ga mutumin nan dai tsaye bakin gadon Yaya yana duba jakar fitsari da fitilar waya don kar ya tashe shi. Bai je gida ba. Wata nas ce ta ce min ai haka yake yi duk wanda ya yi wa dashe, kuma alawus ɗin kwanan aikin nasu ƙayyadadde ne, ka kwana biyu a tsaye ko ka kwana ɗaya duk ɗaya ne.

Wannan fa ba daidai ba ne. Aikin dashe bai san agogo ba, jiki kan iya ƙin karɓar ƙodar a kowane lokaci, jini kan iya ɓallewa, kuma ba likitan tiyata kaɗai ba ne, akwai mai sa barci, da nas-nas, da 'yan lab da ke gwajin dacewar jini. Tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, Maiduguri ma sun fara a 2010, wato gwanaye muna da su. Amma ƙasar da ta shafe shekaru tana biyan ma'aikatan lafiya naira 5,000 a wata a matsayin alawus ɗin hatsarin aiki har zuwa 2021, me zai sa mu yi mamaki in sun kwashe kayansu sun nufi Saudiyya da Ingila?

To sai dai inda nake rabuwa da masu cewa a sa musu lada kan kowane dashe, ka yi goma a biya ka goma. Ni kam a'a. A Jamus an gwada an ga abin da ya biyo baya. A 2012 aka bankaɗo badaƙala a asibitin jami'ar Gottingen, an sauya sakamakon gwajin wasu marasa lafiya don su zama kamar sun fi kowa jin jiki, su tsallake layin masu jiran hanta, kuma kwantiragin likitan da aka zarga akwai ƙarin kuɗi kan yawan dashen da ya yi. Kotu ta sallame shi a 2015, amma amana ta riga ta zube. Masu ba da sassan jiki bayan mutuwa sun kai 1,296 a 2010, zuwa 2017 sun koma 797.

Nan gida abin sai ya fi haka muni, don kusan duk ƙodar da ake dasawa daga mai rai take fitowa, ga talauci. Dokar lafiya ta 2014 ta hana sayar da sassan jiki, duk da haka mun ga yadda shari'ar Sanata Ekweremadu, wanda aka ɗaure kan kai wani saurayi don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yarsa, ta ƙare a Landan a 2023. Likitan da aljihunsa ke jiran lamba, yaya zai iya kallon saurayin da aka kawo a matsayin "ɗan uwa" ya ce ban yarda ba, a koma? Namu likitan sau uku yana keɓe ƙanwarmu shi da ita, yana tambayarta ko wani ya matsa mata, har ya ce in tana son fasawa shi zai san abin da zai gaya wa dangi.

Awannin nan nake so a lissafa a biya, har da na zaman da ya ƙare da cewa ba za a yi aikin ba. Watan jiya da muka kai Yaya ganin likita, wani sabo muka tarar a ofishin. Inna ta tambayi ina ɗanta likitan da ya yi dashen, aka ce ya samu aiki a waje tun bayan sallah.