Wuni guda a fadar Sarkin Yogyakarta

Yau dai na shiga Kraton, fadar Sarkin Yogyakarta da ke tsibirin Java a Indonesiya. Sultan Hamengkubuwono na ɗaya ne ya fara gina ta a 1755, kuma har gobe sarki yana zaune a ciki, na goma a jerin, shi ne ma gwamnan yankin.

Ni fadawan ne suka fi ɗaukar min hankali, waɗanda ake kira abdi dalem. Dattawa ne akasari, ƙafa ba takalmi, sun ɗaura zanen batik, ga 'yar hula, wasu da wuƙar keris soke a ƙugu ta baya. Magana ƙasa-ƙasa, tafiya kamar ba sa son taka ƙasa. Ni da na saba da dogarai masu jajayen kaya da kirari, sai shirun ya yi min banbaraƙwai.

Tsakar fadar yashi ne, ga inuwar bishiyoyi. Na zauna gefen wata rumfa ina jin kiɗan gamelan, ƙarafa da tagulla suna amsa juna a hankali, har shigowar azahar ban lura ba. Daga nan na taka zuwa Masallacin Gedhe Kauman, rigata sharkaf da gumi.