Ɗinki, girki da Dokas

'Yan uwana mata, wai a ce mace tana gida "ba ta aikin komai", maganar nan dariya take ba ni. Ni da na ajiye koyarwa saboda yara, tun asuba nake tsaye, a dama kunu, a shirya 'yan makaranta, a wanke yunifom, a tuƙa tuwon acca, kafin ka ce kwabo rana ta faɗi.

Abin da ke sanyaya min rai shi ne keken ɗinkin da Mama ta bar min. Ƙyallayen atamfa da tela zai zubar ni nake tarawa, in harhaɗa in yi wa yara mayafi ko rigar filo, har tsohon zanen ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci na mai da shi labule, maigida ya ce yanzu kamar a coci muke kwana, to ai ba laifi!

Ku duba labarin Dokas ta garin Yafa a Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 9. Ba a ce ta taɓa wa'azi ba, amma da ta rasu, rigunan da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. A Fitowa 35 ma, matan da suka iya kaɗi su suka kaɗa zaren alfarwar sujada da hannunsu, aka kuwa rubuta aikin nasu.

Ba kullum ne daɗi ba fa, wata rana a addu'ar dare ma gyangyaɗi nake. Yanzu babbar 'yata ta nace sai ta koyi hawa keken, allura kam ta karya min ba adadi.