Gyaran da na rubuta cikin dare biyu, malamina ya sa na goge

Shagonmu na buga takardu ne, kuma rabin aikin da ke shigo mana a CorelDRAW, manhajar zane ta kamfanin Corel, ake kawo shi: katin ɗaurin aure, kalandar Islamiyya, fostar 'yan takara. Da na mayar da kwamfutocinmu biyu kan Linux, tsarin kwamfuta na kyauta, sai muka dogara da manhajojin LibreOffice da Inkscape, waɗanda ke buɗe irin wannan fayil da taimakon wata ƙaramar manhaja mai suna libcdr. Yakan buɗu, amma wani lokaci rubutu ya zame. Ranar da sunan amarya ya shige ƙarƙashin fure a katin wata Hajiya, na ce sai na gyara abin nan da hannuna.

Hanyar da ta fi kusa na bi. Na samo manhajar da ke warware shiri ta nuna abin da ke cikinsa, na leƙa yadda CorelDRAW ke lissafa mazaunin rubutu, na rubuta gyarana cikin dare biyu. Ya yi aiki tsaf. Kafin in aika wa masu kula da libcdr, na kai wa tsohon malamina na kwamfuta. Ko yabo bai yi ba.

"A ina ka samo wannan lissafin?"

Na faɗa masa.

"Goge shi. Kada ka tura wa kowa."

"Malam, ai kyauta zan bayar."

"Kyautar da za ta kai mutane kotu?"

Raina ya ɓaci, amma na zauna na saurara. Buɗe fayil ɗin wani kamfani ba shi ne laifin ba. A 2012 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar SAS Institute da World Programming, ta ce haƙƙin mallakar manhaja bai rufe tsarin fayil ɗin da take ajiye bayanai a ciki ba. Abin da doka ke karewa shi ne kod, wato layukan umarnin da kamfani ya rubuta ya gina manhajar da su, kuma lasisin da muke danna amincewa da shi ba mu karanta ba yakan hana warware shirin. Manhaja 'yantacciya irin libcdr kuwa kod ɗinta a fili yake. Idan aka gano layin da aka kwaso daga wani wuri, duk wanda ya rarraba ta ya shiga ciki, yawancinsu 'yan sa-kai ne da ba su da kuɗin lauya.

Abin da ya fi min ciwo, Malam ya ce ni kam na fita daga aikin, tunda idona ya riga ya gani. Ƙanena, wanda bai taɓa leƙa komai ba, shi ya ɗauka daga farko. Yakan rubuta kalma ɗaya a shafi ya ajiye, ya matsar da ita milimita ɗaya ya sake ajiyewa, sannan ya jera fayilolin biyu yana duba lambobin da suka canza. Kowane gwaji sai ya rubuta a littafi da kwanan wata. Da irin wannan raba hannu kamfanin Phoenix ya samar da nasa BIOS, wato shirin da ke tayar da kwamfuta, mai aiki kamar na IBM a 1984.

Duk da haka akwai inda tsabtar hannu ba ta ceton mutum, wato rajistar ƙirƙira (patent), wadda ke hana kowa amfani da wata dabara sai da izinin mai ita. Ita ba ruwanta da yadda ka gano abu. Saboda rajistar kamfanin Unisys, manhajoji 'yantattu da dama sun guji rubuta hoton GIF har wa'adinta ya ƙare a Amurka a 2003. Microsoft ya kai kamfanin TomTom ƙara a 2009, har da batun amfani da tsarin ajiye fayil na FAT a cikin Linux, shi Microsoft ɗin kuma kamfanin i4i ya yi nasara a kansa kan wani sashe na Word, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar a 2011. Wannan yana ba ni tsoro har yanzu, domin babu littafin gwajin da zai kare ƙanena daga gare ta.

A nan ne ma na tuna ina zuba wa kwastomomi haruffan Calibri a filas ba tare da lasisi ba. Na maye su da Carlito, wanda faɗin haruffansa ya yi daidai da nasa, shafi ba ya motsi.

Mako uku ƙanena ya yi kafin ya gano lambobin da ke riƙe mazaunin rubutun. Katin Hajiya kuwa tuni na sake tsara shi da hannu, aka ɗaura aure.