Saƙon Godiya Bayan Faretin Sallamar Baba Janar

Assalamu alaikum.

A madadin iyalai, muna miƙa godiya ga duk wanda ya halarci faretin sallamar Babanmu Manjo Janar a Bauchi, da walimar da ta biyo baya a nan Jos. Allah Ya huta gajiya, Ya bar zumunci.

Masu tambayar abin da ya kai mu Bauchi alhali gida na Jos, kowane hafsa a sashensa ake sallamarsa. Baba ɗan sashen tankokin yaƙi ne, makarantarsu kuwa tana Bauchi. Da sojan ƙafa ne, da Jaji muka nufa. Jinjina ga hafsoshin da suka kama igiya suka ja buɗaɗɗiyar motarsa, yana tsaye yana sara musu, har ƙofar bariki.

Ba kowane hafsa ke cika shekara 35 cikin kaki ba. Daga makarantar horar da hafsoshi ta NDA Kaduna da muƙamin Laftanar na biyu ake fitowa, kuma ba a zama Kyaftin ko Manjo sai an ci jarrabawa. Sai kwasa-kwasan kwalejin hafsoshi ta Jaji, na ƙanana da na manya, sannan Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja ko cibiyar nazarin manufofin ƙasa ta NIPSS da ke Kuru ga wanda ya kai Kanar. Daga nan gurabe ke ƙaranci. In kwamitin ƙarin girma ya tsallake mutum sau uku, ritaya ce. In kuma aka naɗa na bayansa shugaban rundunar, bisa al'ada sai ya ajiye kaki ko da sauran shekarunsa. Malamai da kwamandojin da suka riƙe hannunsa a waɗannan matakai, mun gode.

Amma kaso mafi tsoka na godiyar na ƙananan sojoji ne: sajan-manjo, direbobi, makanikan tanka da masu riƙe rediyo da suka bi shi Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da Darfur, da Arewa maso Gabas. Wasunsu matansu ne suka wakilce su. Allah Ya jiƙan mazan jiya.

Hajiya, wadda ta riƙe gida daga wannan bariki zuwa wancan, ke kam sai addu'a.

Mun kuma gode wa tsofaffin hafsoshin da suka ankarar da mu kan takardun Hukumar Fanshon Soja. Sun ce sunan mutum da ranar haihuwarsa su zo ɗaya a takardar aiki, da banki, da NIN, a kuma sabunta sunan magaji, don saɓanin harafi guda kan riƙe kuɗin mutum watanni.

Kwamitin Shirye-shirye, Jos.