Tafiyar Potiskum, da yadda mota ta ƙi tashi a Jama'are

Ɗaurin auren ɗan ƙanwar mahaifiyata ne ya kai mu Potiskum cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa. Asabar da safe za'a ɗaura, shi yasa muka ce gara mu tafi tun Juma'a mu kwana can. Ni ne direba, Kawu a gaba, ƙanina da abokinsa a baya tare da jakunkuna.

Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, ƙirar Japan ta tsakiyar shekarun 1990, silinda huɗu, mai injekta. Ina sonta wallahi, bata shan mai, bata cin juye, kuma kafin tafiyar na kaita an canja baƙin mai, an duba ruwan lagireto da birki. Kawu kuwa mutumin 504 ne, irin wadda a da ake haɗawa a Kaduna, ya yi shekara da shekaru yana tuƙa ta, kafireta kam ko ido a rufe zai kwance maka ita ya mayar.

Mun fita ta Hotoro muka bi Mariri, a Wudil muka sha cunkoso dan ranar kasuwa ce, tireloli da 'yan kurkura da masu kora shanu zuwa kara duk sun haɗe a bakin gada, sai da muka daɗe muna rarrafe a giya ɗaya. Daga nan hanya ta buɗe, Shuwarin inda ake karkata zuwa Dutse, sai Kiyawa, muka shiga ƙasar Bauchi. Kawu yace mu tsaya Jama'are mu samu Juma'a, kar mu ce sai Azare ta wuce mu. Duk inuwar da ke kusa da masallaci an rigamu, dole na ajiye motar a tsakiyar rana, na ɗaga gilasai saboda kaya. Bayan an idar muka ɗan ci masa a wajen wata mata, masar ƙasar Bauchi dai kun santa ba sai an faɗa ba, sannan muka dawo.

Sitiyari baya taɓuwa dan zafi. Na murɗa makulli, kik ya ɗauka da ƙarfinsa, injin yana juyawa yana juyawa amma bai kama ba. Na sake, haka dai. Kawu yace "ɗana, daddanna totur mana ta samu mai." Na danna dan kar nayi masa musu, amma mota mai injekta ba haka take ba. A kafireta akwai ɗan famfon da in ka taka totur yake tsarto fetur, shi yasa dabarar take aiki a 504. A tamu kuwa totur iska kawai yake buɗewa, ƙwaƙwalwar motar wato birenbos ita ke yanke yawan man da nozul zai fesa. Kan ka ce me matasa sun taru suna cewa a tura Alhaji, a tura. Nace musu Allah ya saka da alheri amma turi ba zai yi ba, turi maganin batir mai rauni ne ko kik ɗin da ya ƙi juyawa, mu kuwa namu yana juyawa lafiya lau.

Wani yaro bakanike yazo da sifana a aljihu, ya buɗe bonet ya leƙa, nan take yace famfon mai ne ya mutu, sai an sauke tanki an hau mashin zuwa Azare an sayo wani. Ban ga laifinsa ba sam, dan gaskiya famfo na mutuwa sosai a wajenmu. A cikin tanki yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, mu kuma tsadar mai tasa kullum allura na ƙasa, ga man 'yan bumburutu da wani lokaci yake zuwa da datti ko ruwa. Amma sauke tanki a gefen titi da wannan rana, ga kuɗin famfo, ga Kawu da baya son tafiyar dare, kuma babu wanda ya gwada komai tukuna, abin bai kwanta min ba.

Wani dattijo da muka yi sahu ɗaya dashi ne ya aika a kira mana mai wayarin, yace in dai yana gari to ku kwantar da hankalinku. Sai gashi a kan tsohon keke, farin gemu, da 'yar jaka da bata fi ta aski ba. Ya gaida Kawu, "sannunku da hanya Alhaji, ya gajiya," sannan ya juyo kaina. Bai taɓa motar ba sai da yayi tambaya. "Malam, kai ka kasheta da hannunka ko tana tafiya ta mutu?" Nace ni na kashe Baba. "Da asuba tana baka wahala?" Nace ko kaɗan, bugu ɗaya take tashi. "To da rana fa, in ta daɗe a ajiye?" Nace takan ɗan yi jinkiri wani lokaci in na barta a bakin kasuwa, amma tana tashi daga baya. Ya gyaɗa kai yace a buɗe ƙofofin nan huɗu duka iska ta shiga.

Abin da yayi bayan nan shi nake so duk mai tsohuwar mota ya riƙe. Yace kowa yayi shiru, har mai rediyo a shagon gefe sai da aka roƙa ya rage. Ya buɗe murfin tanki ya kara kunnensa, yace in murɗa makulli fitilun dashbod su kawo amma kar in buga kik. Na murɗa. Shiru. Yace lafiyayyar mota in ka buɗe makulli famfo zai yi ƙugi kamar kudan zuma na wajen daƙiƙa 2 sannan ya tsaya, yana cika layi ne kafin a tada, dan nozul baya fesawa da kyau sai matsin mai ya kai wajen 40 a irin ma'aunin masu faci, wato ya fi iskar da ke cikin tayar motar ma, alhali kafireta 5 ko 6 ya isheta. Yaron nan yace "kaga ni Baba, ai na faɗa famfo ne." Baba yace "shirun famfo daban, mutuwarsa daban, yaro. Ka bari mu gani ko abinci ne bai kai masa ba."

Ya zare wayar filogi ɗaya ya saka wani filogi daga jakarsa, ya jingina shi jikin injin yace in buga. Wuta shuɗiya tana tsalle tas tas. Da wannan gwajin kaɗai yace ya wanke kwayil da distiributa, masu kai wa filogi wuta, daga zargi, kuma taimin bel bai tsinke ba tunda a irin wannan injin bel ɗin ne ke juya sandar da distiributa ke kai, da ya tsinke da babu wuta. Sai ya kwance bututun iska ya ɗiga fetur kaɗan, kaɗan fa, ya mayar, yasa kowa ya ja baya dan abin yana iya tartsatsi. Na buga, motar ta kama vuum ta mutu. To an tabbatar, wuta akwai, injin lafiya, mai ne baya zuwa. Ya duba fiyus, ƙalau. Ya ciro 'yar fitilar gwaji mai waya, ya nemo wayar da ke shiga famfo ya soka, na buɗe makulli, fitila bata kawo ba. Wuta ce bata isa wajen famfon.

Daga nan ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, dattijo da shekarunsa, ƙafafu a waje, ya lalubo wani ɗan akwati da bai kai tafin hannu ba, rile kenan, shi ke ɗaukar umarni daga birenbos ya sakar wa famfo wuta. Yace in buɗe makulli, ya ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba. Muka ji ƙyas, sai ƙugin famfo daga baya. Bugu ɗaya motar ta tashi. Kawu sai salati yake yi.

Ni dai har na fara godiya zan sa giya, Baba yace a'a Malam, in ka tafi haka zata sake yi maka, wataƙila a inda babu kowa. Ya kashe, ya ciro rilen ya ɓalle murfinsa ya nuna min bayan allon da ke cikinsa da hasken rana. In ka ƙura ido zaka ga wani siririn zobe ya zagaye ƙafafu biyu, dalmar da ta riƙe su ce ta tsage. Shekara kusan talatin ƙarfe yana zafi yana buɗewa yana sanyi yana tsukewa, ga girgizar hanya, dole wata rana ya gaji. Da sanyin safiya tsagar na haɗe wuta na wucewa, amma mota a rufe cikin ranar Afrilu cikinta na iya haura digiri 60, sai tsagar ta buɗe. Ya ba yaron nan yace ya kai wa mai gyaran rediyo a narka tsohuwar dalma a zuba sabuwa a duk ƙafafun, kuma ya tsaya ya kalli yadda ake yi. Wannan ya burge ni, bai kunyata yaron ba ko sau ɗaya.

Muna jira a inuwar shago shi da Kawu suka shiga hirar motoci. Kawu yace su a zamaninsu waya da filaya sun isa kai ka Maiduguri. Baba yace haka ne Alhaji, amma waɗannan ma ba aljanu bane, mutane ne suke jin tsoron birenbos, da mota ta ƙi tashi sai a ce shi ne, alhali shi ne abin da ya fi komai daɗewa bai lalace ba in dai ba ruwa ya sha ba ko an juya kan batir. Yace in ka murɗa kaji ƙas ƙas kawai injin bai juya ba, fara da kan batir, sau da yawa farin gishirin nan ne ya ci shi ko ya yi sako-sako, kuma batir mai lafiya a huce 12.6 yake nunawa. In tana juyawa famfo na ƙugi amma babu wuta a filogi, musamman bayan injin yayi zafi, to a nemi kwayil ko sensar da ke gaya wa birenbos injin na juyawa. Akwai kuma wadda zata tashi da ƙyar tana baƙin hayaƙi filogi jiƙe da fetur, wannan yawanci sensar zafin ruwa ce ke yi wa birenbos ƙarya cewa ana sanyi, shi kuma yayi ta ɗura mai. Na tambaye shi na'urar kwamfuta fa da ake jonawa yanzu? Yace tana da amfani ga motocin da suka zo da wajen jonata, irin na Amurka daga 1996, amma tsagar dalma ba lallai ta nuna maka ba, sai kunne da fitilar gwaji.

Aka dawo da rile yana ƙyalli, ya mayar, muka tada muka kashe muka sake tadawa. Kuɗin da ya faɗa sai da Kawu yace haba Malam, ya ƙara masa, ya kuma ba yaron nasa. Muka yi la'asar a Azare, daga nan sai tirelolin shanu muke ta gamuwa dasu, dan kasuwar dabbobin Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ana kiran magariba muka shiga gari.

Washegari motar ta wuni a rana ƙofar gidan ɗaurin aure, da azahar na murɗa makulli na ɗan dakata sai da naji ƙugin famfo sannan na buga, ta tashi. Da muka dawo Kano na shiga Kofar Ruwa na sayi wani rilen na ajiye a aljihun dashbod tare da fiyus da fitilar gwaji, amma har yanzu wanda aka yi wa dalma a Jama'are ne a jikin motar.